Tambaya da Amsa: Kilomita a Maleji, Mita a Takardar Jarrabawa

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi karkata ga darasin fiziks, kuma hakan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san yadda ɗalibai kan duƙufa a kan tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO idan jarrabawa ta ƙarato. Na zaɓo guda uku daga cikin garin Zariya, ɗaya daga ɗaliba, ɗaya daga malami, ɗaya kuma daga direba, domin dukkansu a kan lissafin gudun mota suke, kuma dutse ɗaya ne suka yi tuntuɓe da shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare. An ba mu aikin gida kamar haka: mota tana gudun kilomita 72 a awa, sai direba ya taka birki, gudunta ya riƙa raguwa daidai wa daida har ta tsaya cak bayan sakan 4. Aka ce mu nemo raguwar gudun da kuma tazarar da ta ci kafin ta tsaya. Na yi amfani da v = u + at na samu 18 m/s², wato raguwar mita 18 a sakan a kowane sakan, sannan na yi amfani da s = ut + ½at² na samu mita 144. Malaminmu ya soke duka biyun, ya rubuta 5 m/s² da mita 40. Na sake dannawa a kalkuleta har sau uku, amsata ɗaya take fitowa. Ina kuskurena yake? (Wata ɗaliba, Tudun Wada)

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Na bi aikinki layi bayan layi, kuma zan fara da abin da zai kwantar miki da hankali: ƙa'idojin da kika ɗauko su ne suka dace da tambayar, kuma ba ki yi kuskure wajen rabawa ko ninkawa ba. Shi ya sa kalkuleta take ta maimaita miki amsa ɗaya, domin lamba kawai take gani, ba ta san ko 72 ɗin da kika danna kilomita ce ko mita ce ko buhun masara ba. Duk da haka malaminki yana kan gaskiya da ya soke amsar, kuma ina so ki ga dalilin da idonki, kada ki karɓe shi don kawai babba ya faɗa.

Ki zauna a kujerar gaba ta wannan mota a zuciyarki, ki zuba wa allurar maleji ido. A lokacin da ƙafar direba ta sauka a kan birki tana kan 72. Bayan sakan ɗaya ta sauko 54, bayan na biyu 36, bayan na uku 18, a na huɗu kuma ta kwanta a kan sifili. Kin ga ke nan lambar 18 da kika samu tana da ma'ana, domin a kowane sakan allurar tana sauka da 18. Amma 18 na mene ne? Kilomita 18 a awa ne ke zubewa daga gudun motar a kowane sakan. Da haka kika rubuta, da maganarki gaskiya ce tsantsa. Abin da kika yi shi ne kika ɗauki lambar da aka haifa daga kilomita da awa, kika liƙa mata sunan mita da sakan, alhali babu inda mita ta shiga cikin lissafinki tun daga farko.

Gyaran yana farawa ne kafin a taɓa kowace ƙa'ida. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce, awa ɗaya kuma sakan 3,600 ce. Motar da ke cin kilomita 72 a awa tana cin mita 72,000 ke nan a cikin sakan 3,600, idan kuwa kika raba, za ki samu mita 20 a kowane sakan. Daga nan ne lambar nan 3.6 da ake sa ku haddacewa ta samo asali, wato 3,600 a raba da 1,000. Na fi so ki riƙe asalin fiye da lambar, domin ɗalibin da ya haddace 3.6 kawai yakan rikice a ɗakin jarrabawa, ya rasa ko ninkawa zai yi ko rabawa. Idan shakka ta kama ki, ki tuna cewa lambar mita a sakan kullum ita ce ƙarama. Mai tafiya a ƙafa yana cin kusan kilomita 5 a awa, wato kusan mita ɗaya da rabi a sakan, kuma Usain Bolt, a ranar da ya gudu mita 100 cikin sakan 9.58 a birnin Balin a 2009, matsakaicin gudunsa ya ɗan haura mita 10 a sakan ne kawai, abin da ya kai kusan kilomita 38 a awa.

To, yanzu gudun farko u ya zama 20 m/s, gudun ƙarshe v sifili ne, lokaci t kuma sakan 4. Idan kika cire 20 daga sifili kika raba da 4, za ki samu −5 m/s², wannan ita ce a ta cikin ƙa'idar, alamar ragi kuma tana nuna cewa gudun raguwa yake yi. Tazara s kuwa, 20 sau 4 ya ba da 80, rabin 5 sau 16 ya ba da 40, a cire 40 daga 80 saura mita 40. Ki lura da wani abu mai kyau a nan: 18 a raba da 3.6 shi ne 5, kuma 144 a raba da 3.6 shi ne 40. Amsoshinki biyu suna ɗauke da amsar gaskiya a cikinsu, 3.6 ɗin da kika tsallake ne ya kumbura su.

Akwai ɗabi'a guda da nake roƙon ki ɗauka daga yau, ita ce rubuta ma'auni a jikin kowace lamba a kowane layi, ba sai a amsar ƙarshe ba. Da kin rubuta 72 km/h sau 4 s, da idonki ya tsaya a wurin, domin awa tana ƙasa, sakan yana sama, kuma ba za su soke juna ba tunda ba abu ɗaya ba ne. Amma 20 m/s sau 4 s, sakan na sama ya cinye na ƙasa, mita kaɗai ta rage, wadda ita ce ake auna tazara da ita. Haka ma kashi na biyu, m/s² sau s² mita yake bari. Ba a tara abu biyu ko a cire ɗaya daga ɗaya sai ma'auninsu ya zo ɗaya. Ki dubi tef ɗin da tela ke rataye a wuya a kasuwar Sabon Gari: fuska ɗaya inci ne, ɗaya fuskar santimita, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Idan ya auna kafaɗa da wannan fuska, ya juya tef ya auna tsawon riga da waccan, ya rubuta lambobin a littafinsa ba tare da ya nuna wacce ce wacce ba, to yaron shagon da zai yanka yadin ba shi da laifi idan rigar ta ƙi shiga.

Sai kuma tambayar da ya kamata ki yi wa kowace amsa kafin ki ja layi a ƙarƙashinta: shin wannan zai yiwu a kan titi? Dutsen da aka saki daga saman bene gudunsa yana ƙaruwa da kusan 9.8 m/s². Amsarki ta 18 m/s² tana nufin birkin motar ya fi ƙarfin jan ƙasa kusan sau biyu, abin da tayar motar gida ba za ta iya yi a kan kwalta ba, domin za ta sulɓe tun kafin a kai nan. Wannan gwajin ba ya buƙatar kalkuleta, kuma yana ceton maki da yawa.

Kuskuren yakan fi muni idan aka zo ga v² = u² + 2as, domin a nan ana ninka gudun a kansa, sai kuskuren ma ya ninku a kansa. Da an ba ki raguwar gudu 5 m/s² kika saka 72 kai tsaye, da kin samu 72 sau 72, wato 5,184, a raba da 10 (ninki biyu na 5), amsa ta zama mita 518.4, fiye da rabin kilomita, a maimakon mita 40. Bambancin ya zama sau 12.96, wanda shi ne 3.6 sau 3.6.

Wataƙila kin lura ina ta cewa sakan, ban ce daƙiƙa ba. Da gangan na yi, domin a Larabci daƙiƙa minti ce, a Hausarmu kuwa wasu suna nufin sakan da ita wasu suna nufin minti, kuma a irin wannan lissafi ruɗanin da ke tsakanin su biyun sau 60 ne.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da fiziks a wata makarantar kuɗi, kuma kullum ina gaya wa ɗalibaina su mayar da komai zuwa mita da sakan. Wani yaro mai kaifin basira ya tambaye ni ko ƙa'idojin ba sa aiki da kilomita da awa ne, kuma me ya sa ake rage masa maki a kan ma'auni idan ya fahimci aikin. Ban ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina ba. (Wani malami, Samaru)

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri, ya kuma yi wa wannan yaro albarka, domin tambayarsa ta taɓo gindin maganar. Ƙa'idojin ba su san mita ba, ba su san kilomita ba. Sharaɗinsu biyu ne: ƙaruwar gudun ta kasance ba ta canzawa a tsawon lokacin da ake magana a kai, sannan duk tazara a auna ta da ma'auni ɗaya, duk lokaci ma a auna shi da ma'auni ɗaya. Galileo ya bayyana a 1638 cewa tazarar abin da ya tashi daga tsaye gudunsa yana ƙaruwa daidai wa daida tana tafiya ne da lokaci a ninke a kansa, a zamanin da ba a ma ƙirƙiro mita ba tukuna.

Ka nuna masa a allo da motar ɗalibar da ke sama. Raguwar gudu ta 5 m/s² ita ce kilomita 0.005 a sakan a kowane sakan. Domin mayar da ita awa, dole a ninka da 3,600 har sau biyu tunda sakan ya bayyana sau biyu a ƙasa, wato 12,960,000, sai a samu 64,800 km/h². Yanzu 72 sau 72 ya ba da 5,184, a raba da 129,600 (ninki biyu na 64,800), amsa ita ce kilomita 0.04, wato mita 40 ɗin nan dai. Hanyar ta kai mu gida, amma duk wanda ya ga 64,800 zai gane dalilin da ya sa ba a binta: lambar ba ta nuna wa ido komai, kuma mafi yawan ɗalibai sau ɗaya za su ninka da 3,600 su manta da na biyun. Abin da ke faruwa a birki cikin sakanni yake faruwa kuma cikin 'yan mitoci, don haka mita da sakan su ne suka yi daidai da girmansa. Akwai kuma dalili na biyu mai ƙarfi. Tsarin ma'auni na duniya da ake kira SI, wanda aka amince da shi a 1960, ya gina sauran ma'aunai a kan mita da kilogiram da sakan. Da zarar tambaya ta wuce zuwa neman ƙarfin birki ta hanyar F = ma, amsar ba za ta fito da niyuton, wato ma'aunin ƙarfi, ba sai ƙaruwar gudun tana cikin m/s² kuma nauyin yana cikin kilogiram.

A ganina tarkon da ya fi kama yara shi ne minti, domin yakan shigo a ɓoye. Ka ba su wannan: mota ta fito daga cunkoson Kwangila da gudun kilomita 36 a awa, ta kai kilomita 90 a awa cikin rabin minti. Wanda ya natsu zai rubuta 10 m/s da 25 m/s da sakan 30, ya samu 0.5 m/s², ya kuma samu tazarar mita 525 ta hanyar ninka matsakaicin gudu 17.5 da 30. Za ka ga wasu sun mayar da gudun yadda ya kamata amma sun saka 0.5 a gurbin lokaci, sun samu 30 m/s². Haka nan ka ja kunnensu a kan rubuta awa ɗaya da minti talatin a matsayin 1.30, domin awa ba ta kasu kashi ɗari kamar naira da kobo ba, 1.5 ce daidai.

Game da rage maki kuwa, ina goyon bayanka, kuma ga labarin da za ka ba shi. A watan Satumba na 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika domin nazarin yanayin duniyar Mars. Binciken da aka yi ya gano cewa wata manhajar kwamfuta tana fitar da alƙaluman turin injin kumbon da ma'aunin fam, ɗaya manhajar da ke karɓarsu kuma tana ɗaukarsu a matsayin niyuton, alhali fam ɗaya na ƙarfi ya kai kusan niyuton 4.45. Kumbon ya kusanci Mars fiye da yadda aka tsara, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Injiniyoyin nan sun fahimci aikin sarai. Yaronka yana zaune ne kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma mai yiwuwa gobe shi ne zai zana gada ko ya auna wa majiyyaci magani, don haka makin da ka rage masa yau rahama ce a gare shi. Shawarata kawai ita ce ka riƙa ba shi makin hanya idan hanyar daidai ce, ka zagaye ainihin layin da ma'aunin ya karkace da jan biro, domin ya san inda ciwon yake.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni direba ne, ina jigila tsakanin Zariya da Kaduna. Motar da nake ja daga Amurka aka shigo da ita, malejinta yana da manyan lambobi a waje da ƙanana a ciki. Ɗana da ke sakandare ya ce idan allura tana kan 60 na waje to na kusa 100 ke nan, ya kuma ce wanda ke gudun 100 yana buƙatar filin tsayawa sau huɗu na mai gudun 50. Gaskiya ne? Shi ne ya rubuta mini wannan wasiƙa. (Wani direba, Ɗanmagaji)

AMSA: Alhaji, Allah ya raya maka wannan yaro, domin duk maganganunsa biyu gaskiya ne. A Amurka da mil ake auna hanya, shi ya sa motocin da aka ƙera domin kasuwarsu suke ɗauke da mil a manyan lambobi, kilomita kuma a ƙanana. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.609, don haka 60 na waje kilomita 96.6 ne a awa, 80 na waje kuwa ya kusa kilomita 129. Dokokin hanya na Najeriya da kilomita suke magana, kuma iyakar da aka sa wa ƙananan motocin gida ita ce 50 a cikin gari da 100 a kan babbar hanya mai tagwaye. Ƙananan lambobin ciki su ne naka. Direban da ya ga allura a kan 80 na waje ya ɗauka yana cikin ƙa'ida ya wuce ta da nisa ba tare da ya sani ba.

Batun sau huɗu kuwa, bari mu auna shi da mita, tunda da mita ake ganin abin da ke gaban mota. Gudun kilomita 50 a awa shi ne kusan mita 13.9 a sakan, gudun 100 kuma kusan mita 27.8. Mu ɗauka, domin misali, birkinka yana rage mita 5 a sakan daga gudun motar a kowane sakan. Lissafin shi ne a ninka gudun a kansa, a raba da ninki biyu na ƙarfin birkin. Mai gudun 50 zai ci kusan mita 19 daga taka birki zuwa tsayawa, mai gudun 100 kuwa zai ci kusan mita 77. Gudu ya ninka sau biyu, tazara ta ninka sau huɗu, domin biyu sau biyu huɗu ne.

Amma akwai wani yanki da ɗanka zai ƙara a lissafinsa, kuma dole a yi shi daban, domin a cikinsa motar ba ta fara rage gudu ba. Tsakanin lokacin da idonka ya hango akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo titi da lokacin da ƙafarka ta bar totur ta sauka a kan birki, akwai ɗan jinkiri. Idan muka ɗauke shi a matsayin sakan ɗaya, mai gudun 50 ya riga ya ci mita 14 kafin birki ya kama, jimillarsa ta zama kusan mita 33. Mai gudun 100 ya riga ya ci mita 28, jimillarsa ta zama kusan mita 105, wato tsawon filin ƙwallo daga raga zuwa raga. Nan ne amfanin mayar da gudu zuwa mita a sakan yake fitowa fili ga mai tuƙi, domin babu wanda ke hango awa guda a gabansa, amma kowa ya san tsawon mita 28, kuma kowa ya san gajartar sakan ɗaya.

Ka kuma sani cewa lambar 5 da na yi amfani da ita misali ce. Lissafin aji yana ɗauka cewa birki yana kamawa da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, alhali a kan hanya abin ya dogara da lafiyar taya, da nauyin fasinja da kaya, da kuma yanayin kwalta. Idan ruwan Agusta ya jiƙa titi har ƙarfin kamun ya ragu zuwa rabi, mita 77 ɗin nan za ta koma kusan mita 154. Ka ce wa ɗanka ya ɗauki 60 na wajen malejinka, ya mayar da shi kilomita, sannan mita a sakan, ya lissafa tazarar tsayawa da ƙarfin birki 5 da jinkirin sakan ɗaya. Idan ya rubuta ma'auni a kowane layi, zai samu gudun mita 26.8 a sakan da tazarar da ta kusa mita 99, kuma ina jiran wasiƙarsa in ga yadda ya jera aikin.